Jego a Ɗakin da Ke Gumi

Haihuwata ta fari a tsakiyar damina ta zo, na tafi wankan gida ƙauyenmu da ke bayan Bunkure. Shekarar ce yayana ya gina ɗakin bulo a gidan, ya shafe shi da siminti ciki da waje, ya sa silin, ya shimfiɗa leda, taga ɗaya tal ta gilashi. Inna, mahaifiyata, ta ce mai jego ce za ta fara kwana a ciki. Wai gata aka yi mini.

Bayan katangarmu gonakin shinkafa ne, ruwan kanal kwance a ciki. Ɗakin ƙasa yakan sha laima ya fitar, wannan kuwa abin da ya shiga ya shiga ke nan. Inna ta rufe tagar, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Safe da yamma in gama wankan ruwan zafi, jikina na tururi, a tura ni ciki. Ga kaskon garwashi, ga kayan jaririya shanye a igiya don ruwan sama ya hana su bushewa a waje. Bango ya dinga gumi. Zannuwana na cikin akwati ma sai da suka yi funfuna.

Ni dai da sauƙi. 'Yata ce ta fara wani numfashi, kurr kurr, kamar da mage a ƙirjinta. Ga shi 'yar fari ce, wai kunya ce in nuna na damu da ita. Na daure, na gaji.

"Inna, don Allah a buɗe tagar nan, ko zuwa azahar."

"Ke, rufa mini asiri! Sanyi ya shige ki ki kumbura? Haka ƙanwata ta tafi, ko arba'in ba ta yi ba."

Na yi kuka wallahi. Na tsani ɗakin, har shi yayan nawa na ji haushinsa.

Ran kwana ashirin da uku na ɗaga katifar yarinyar zan gyara, sai ga leda ta yi baƙi ƙirin, ruwa kwance a ƙasa, wari ya buge ni. Ban tambayi kowa ba. Na saɓi yarinyar, na ratsa tsakar gida ba takalmi, na faɗa tsohon ɗakin ƙasa na kakata. Kafin la'asar numfashin ya lafa, ta yi barci har da miƙa.

Inna ta shigo, ta sa kunne a ƙirjin yarinyar, ta daɗe. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ita ta zauna nan. Ke kuwa jegon naki ne, tashi ki koma."

Na koma. Sauran kwana goma sha bakwai ɗin, kawo mini ita ake ta sha nono a mayar. In ta yi kuka ina jiyowa daga can, nonona na zuba a zani, ƙofa a rufe.