Fintan da Makunnin Hita

Yayana Fintan ya haura hamsin bai yi aure ba, kuma ban ga laifin matan yankinmu na Leitrim ba.

A gidanmu tankin ruwan zafi yana cikin kabad a saman bene, inda ake jibge tawul. Da sanyi, injin kananzir da ke ɗumama ɗakuna shi ke ɗumama shi. Idan bazara ta zo aka kashe injin, sai a koma ga hitar lantarki da ke nutse cikin tankin. Duk ƙasar nan da tsoron manta ta a kunne aka rene mu, amma na Fintan ya zama ciwo. Ranar aurena ya fice daga coci ana tsaka da addu'a don ya je ya duba. A kashe take.

Da Mama ta karye a ƙugu aka sallamo ta daga asibiti, ta ce ita a ɗakinta za ta zauna, Fintan zai kula da ita. Na yarda, don wauta.

Wata Lahadi na zo, tun daga ƙofa zarni ya tare ni. Gashinta ya daskare, wuyanta ya yi baƙi. Na hau sama, na tarar ya liƙe makunnin hitar da salatif.

"Kai Fintan, yaushe rabon tsohuwar nan da wanka?"

"Ina goge ta da tsumma, Bríd. Ga butar dafa ruwa."

"Tsumma? Tebur ce?"

"Ke ba ki san wutar da abin nan ke ci ba."

"Allah wadaran ka, ƙaton banza!"

Na ɓare salatif, na kunna. Da ruwa ya yi zafi na wanke ta tas, tana lumshe ido. Na ce ta bi ni gidana, ta ƙi. Wai ɗanta na ƙoƙari.

Muka lallaɓa da ita lambu ta sha iska, ni a dama, shi a hagu. Muna kan matakalar ƙofa ya ce, "Kin dai kashe?"

"Ban kashe ba."

Sai ya saki hannunta ya ruga ciki. Da ƙyar na tare ta da ƙirjina.

Mama ta kalli ƙofar da ya shige. Sannan ta ce, "Ɗauko mini jakata."