Genowefa a Cikin Baro

A ƙauyenmu kana iya tambayar mace shekarunta, amma ba ka tambayarta inda take tsinko yagoda, 'yan 'ya'yan itacen nan na daji. Kowace da wurinta a daji, ko 'yar cikinta ba ta nuna wa sai ƙafa ta gaza. Maƙwabciyata Genowefa ta fi kowa rowar wuri. Tun tana amarya take sammako da kwando, ta zaga ta bayan coci don ta ɓad da sawu, ta dawo da hantsi kwando fal da 'yan baƙaƙen 'ya'yan nan, leɓɓanta sun rine.

Mijinta Alojzy mutumin kudu ne. Su can borufka suke ce wa abin, wai daga bor, wato dajin da yake fitowa. Aurensu kaf a kan wannan suke musu.

"Borufka ne, tsohuwa. Sunan ma ya faɗa miki gidan ubansa."

"Kai dai ci ka yi shiru. Wanda bai taɓa tsinko ko ɗaya ba ne zai raɗa masa suna?"

Bana ciwon gwiwa ya kwantar da ita. Yuli ya kama, mata suna wucewa da kwanduna, ita tana bakin taga kamar an yi mata rasuwa. Ba ta da 'ya, ta kuma rantse ba mai jin wurin daga bakinta. 'Ya'yan yagodar za su nuna su zube a banza. Ta ba ni tausayi ƙwarai.

Ran nan sai ga Alojzy da baro, ya shimfiɗa bargo a ciki.

"Hau."

"Ka haukace? Ni buhun dankali ce?"

"Buhun dankali ba ya surutu. Hau."

Ta hau tana mita. Sauran labarin ita ta ba ni. Ta ce ta haƙura za ta nuna masa hanya, ranta na sosuwa, amma bawan Allah bai tambaya ba. Ya bi gadar katako, ya karkata gindin icen da tsawa ta fasa, ya dire ta a tsakiyar wurinta.

"Alojzy! Wa ya nuna maka?"

"Ke mana. Da zan bar ki ke kaɗai da aladun daji? Kullum ina bayan wancan icen, sauro na shan jinina."

"Tun yaushe?"

"Tun gashina yana baƙi."

Ta ɗaga kwando za ta kwaɗa masa, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Da la'asar muka gan su tafe, yana turi yana haki, ita tana cikin baro tana ɗura masa yagoda a baki da hannunta.