Tantabarun Baba

Shekara talatin Baba yana kiwon tantabaru a gidanmu na Kebbe. Kullum da safe shi ke share kashinsu da kansa, ya tara a buhu don takin albasa. Mu 'ya'yansa ma ba mu samu wannan gatan ba.

Da tari ya kama shi, sai muka ce sanyi ne. Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma uwar iyayi. Na yi ta dafa masa farfesun 'yan shila, na mayar da shimfiɗarsa rumfar da ke jikin ɗakin tantabarun, tunda ya ce kukansu na sa shi barci.

Wata Laraba ya tashi alwalar azahar, buta ta suɓuce masa. Leɓɓansa sun yi baƙi, yana fizgar numfashi kamar wanda aka shaƙe. Muka sa shi a mota sai asibiti a Tambuwal, gargada na jijjiga shi, ina ta salati.

Likitar ta maƙala masa wani abu a yatsa, ta dubi lambar, ta ƙwala kira a kawo oksijin. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna majina, ba tarin tibi ba ne. Ta ce huhunsa ne ya kumbura har iska ta kasa isa jini. Sai ta juyo gare ni.

"Hajiya, kuna kiwon tsuntsaye?"

Raina ya ɓaci. "Haba likita! Ubana na mutuwa, kina tambayata tsuntsaye? Tantabarunsa ne kawai."

"Ƙurar kashinsu da gashinsu ce ta ja masa. In ya koma cikinsu, ciwon zai dawo."

Innalillahi! Na zauna dirshan a ƙasa. Ashe da hannuna na kai shi bakin abin.

Kwana tara yana kan oksijin da maganin sace kumburi. Kafin a sallame shi na sa aka kwashe tantabarun kaf aka kai wa kawunmu a Sanyinna, aka rushe ɗakinsu.

Ranar da muka dawo, muna shiga gida sai ga su jere kan katanga. Sun gudo! Baba ya tsaya yana haki, fuskarsa ta washe.

"Kin gani, ɗiyata? Sun san yau nika dawowa."

Ya miƙa hannu, wata fara ta taso za ta sauka. Na make ta da gyale, ina kuka. Bayan la'asar na miƙa wa mijina wuƙa, ya yanke su duka, na yi farfesu.

Baba ya juya fuskarsa bango. Ko romon bai taɓa ba.