Kurmar da ke Toshe Kunne

Shekara biyu bayan yaƙin basasa, Liyatu tana layin asibiti a Jimeta, idonta a kan wata mata da ba ta sani ba. Doguwa ce, zanenta ya koɗe, taɓo ya bushe a ƙafafunta; da gani daga nesa ta tako. 'Yarta mai kamar shekara bakwai ba ta kallon kowa, sai jujjuya murfin kwalba take yi.

Malamin kati ya tambayi yarinyar sunanta. Shiru. Uwar tana ta bayani, shi kuwa ko kai bai ɗaga ba.

"Kurma ce," in ji shi, yana rubutawa a kati, ya miƙa wa uwar. "Ba aikinmu ba ne. Kai ta Maiduguri."

Sai aka buga ƙararrawa. Yarinyar ta toshe kunnuwa, ta ƙwalla ƙara. Uwar ta durƙusa tana raɗa mata waƙa da Fulatanci har ta sauke hannuwa. Liyatu ta tambayi kanta: a ofisoshi nawa aka sallami matar nan da kalmar nan ta kurma?

Matar ta miƙe, ta dangwara katin a tebur.

"Malam, ita tana ji. Kai ne na gaya wa sau uku, ba ka ji ba."