Farin Zare Mai Ƙulli Biyu

Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, in kuka ya zo mini ta dakata har in share hawaye. Na ce mata kada ta gyara kome.

Shekara talatin da 'yan kai muna da ɗan shago a unguwar Nuzla, nan ƙasa mai tsarki, ni da maigidana, Allah Ya jiƙansa. Injin niƙa ɗaya ne a ciki, sai kanta biyu. Alhazai da masu umara su zo da busasshen ganye daga gida Najeriya, kuka da karkashi da zogale da lalle, shi ya saya ya niƙa, ya kawo mini gida in tankaɗe in ƙulla a leda. Da yake garin ganyen duk kore ne, ni kuma ba na karatu, sai na riƙa bambanta su da zare. Ja na lalle, fari na kuka, baƙi na karkashi, shuɗi na zogale. Har matan unguwa suka saba. Mace za ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Malam, ba ni mai jan zare guda uku, biki gare mu." Shi kuwa in ya shigo ya tarar da ni cikin ledoji sai ya ce, "Sannu da aiki, mudira, shugabar ma'aikata. Ofis a kan tabarma."

Burinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ya mutu a ƙasar nan a binne shi a cikinta. Tun yana da ƙarfinsa ya sayi likkafani, ya kai shi Makka ya wanke da zamzam, ya shanya, ya naɗe ya ba ni ajiya a ƙasan akwatina.

Ɗaukar buhu ta cinye masa baya. A shekarun ƙarshe sai ya dafa bango yake tashi daga sujada. Ana nan wani mutumin Jawa, can ƙasashen gabas, da ke sayen lalle a wurinmu ya kawo ganye cikin ƙaramin buhu a niƙa masa. Ya ce a ƙasarsu kiratom suke kiransa, ma'aikatan gona ke sha don gajiya. Ya ga yadda Malam ke tafiya a sunkuye, ya ɗibar masa ya ce ya dama da ruwan zafi. Ɗaci gare shi kamar maɗaci, amma ran nan Malam ya je masallaci ya dawo ba sanda. Daga nan duk lokacin da mutumin ya kawo niƙa sai ya bar mana rabonmu. Ba mu taɓa sayar wa kowa ba. Ni ce nake ƙulla shi a gida, kuma launin zarena ya ƙare, sai na ba shi fari irin na kuka, na yi masa ƙulli biyu. Ni kaɗai na san wannan.

Ba zan ce ganyen ba shi da aibi ba. Ranar da bai sha ba hancinsa ya yi ta zuba, ya kasa zama wuri ɗaya, ya yi mini tsawa a kan abin da bai kai ba. Na gani, ban hana shi ba, don ina son ganinsa a miƙe.

Sai takarda ta zo daga hukuma. Ɗanmu ya karanta mana. Duk abin da aka niƙa don sayarwa sai an manna masa takarda mai sunansa da inda ya fito, kuma akwai ganyayen da aka hana niƙawa da ajiyewa, har da wannan. Malam bai yi gardama ba. Ya sa aka buga masa takardun mannawa, ya wanke inji, ya sallami mutumin Jawa. Ya ce mini, "Hajiya, wanda ke gida ki zubar. Shi ke nan. Mu baƙi ne, iƙama, takardar zamanmu, ba ta son wasa."

Na ce, "Bayan naka fa?"

Ya ce, "Bayan ya yi haƙuri, ya ga abin da ya fi wannan."

Na zubar da mafi yawa. Amma na rage leda biyar. Na ce a raina ranar da ciwon ya kayar da shi zan dama masa kaɗan, ko zai yi faɗa ya yi. Na cusa su a kwandon kuka, tsakanin fararen zare, don na san ba mai ganewa sai ni.

Wata safiya na tafi asibitin ido a unguwar Sharafiyya. Kuka ta ƙare masa a shago, ya zo gida bai same ni ba, ya ɗauki kwandon gaba ɗaya. Ya zauna ya manna wa kowace leda takarda mai cewa kuka, ya jera a kanta. Kafin azahar mufattishai, masu duba shaguna, suka zo zagayensu. Suka ɗauki leda ɗaiɗai daga kowane layi don a gwada, yadda suka yi wa kowa a layinmu. Da na dawo sai na ga ba kwando. Na tafi shagon da abayata a karkace, na kwashe fararen zare ina laluben ƙulli. Huɗu na samu.

Ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce ba kome. Wannan "ba kome" ita ce ta fi ci mini rai har yau.

Bayan 'yan makonni aka zo aka rufe shagon, aka tafi da shi. A takarda abin ya fito cewa ya sa haramtaccen ganye a kanta da sunan kuka. Ya ce musu shagonsa ne, hannunsa ne ya manna, bai ambaci kowa ba. Ya yi watanni a tsare, sannan aka soke iƙamarsa aka mayar da shi Najeriya, can garin da ya bari tun bai yi gemu ba. Tawa takardar a ƙarƙashin ɗanmu take, sai na zauna. Na so in bi shi, ya hana, ya ce in gama aikin idona tukuna.

A waya na faɗa masa. Na yi ta kuka, da ƙyar maganar ta fita. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Na sani, Hajiya. Sun ajiye ledar a gabana, na ga ƙulli biyu. Shekara talatin ina kallon aikin hannunki, sai ranar ban duba ba."

Na ce, "Ka yafe mini, Malam."

Ya ce, "Don bayana kika ajiye, ba don naki ba. Ki dai aiko mini da ajiyata in kin samu mai zuwa."

Na ce to. Amma na yi ta jinkiri. Masu tafiya biyu suka wuce ban ba su ba, don gani nake in na aika da likkafanin kamar na yarda ke nan ba zai dawo ba. Damina ɗaya ya yi a can. Ɗan ƙanensa ne ya kira ɗanmu da hantsi, ya ce Malam ya rasu, an riga an kai shi, a yadin da suka sayo a kasuwar garin.

Likkafanin yana nan a ƙasan akwatina, da naɗinsa yadda ya yi shi. Na faɗa wa ɗana in tawa ta zo a sa ni a ciki. Ya ce na maza ne, falle uku ne, mace biyar ake yi mata. Na ce ya sayo biyu ya ƙara.