Jar takardar ƙofar maƙwabciyata

Shekarun baya, ban daɗe da fita takabar maigidana ba, Allah ya jiƙansa, ina zaune a flat ɗinmu na unguwar Whitechapel, nan ƙasar Turawa, ba abin da nake yi sai kuka. Har yau ma ina yi, ba na ɓoyewa. 'Yata ce ke rubuta muku wannan, ni ina faɗa.

Ƙofarmu na kallon ta wata tsohuwa 'yar Hong Kong. Duk sabuwar shekararsu mijinta ke rubuta kalmar albarka da irin rubutunsu a jar takarda su liƙa a ƙofa. Shi ma ya rasu, ita kuma hannunta rawa yake. Saura kwana uku bikin ta shigo min da buroshi da tawada, wai in rubuta mata, don ta ga lallen da na zana wa 'yata.

Na ce, "Baiwar Allah, ni fa ban yi boko ba."

Da guntun Turancinta ta ce, "Hajiya, wa ya tambaye ki makaranta? Hannu nake nema. Na kanti bugun inji ne, ba zai hau ƙofata ba."

Ta zana min samfuri a karkace. Ni kuwa gwanar lalle, na faro daga ƙasa na zagayo abina. Sai ji na yi ta buge min hannu! Ashe kowane layi da lokacinsa, sama kafin ƙasa, hagu kafin dama. Akwai wani ɗan ɗaki a cikin kalmar, na rufe shi ban sa layukan ciki ba.

"Wa ke kulle ƙofa mutane na waje? Shigar da su tukuna!"

Na ce, "A yi haƙuri, malama, ɗalibar taki ta tsufa."

Kwana biyu muna ɓata tsoffin jaridu, tana ƙirga layukan da yarenta na Kantonis ina maimaitawa, har goma sha uku. Da na yi na jar takardar ta daɗe tana kallo, sai ta rufe fuska. Muka zauna mu biyu muka sha kukanmu, sannan muka liƙa.

Ranar bikin ina jin ɗanta a bakin ƙofa yana tambaya wa ya rubuta. Ta jawo shi har falona ya gaishe ni.

Tun ranar na daina cewa ban iya komai ba. Kalma ɗaya ce tak na iya rubutawa a duniya. Amma a cikin iyalina akwai likita, akwai mai digiri biyu, kuma babu wanda ya iya ta sai ni.