Aron Ɗan Mutum

Gobe zan kai 'yan ajina Aliero su ga gonakin albasa. Iyaye duk sun amsa saƙona ta waya, ban da baban Hassi. Na kasa zama wuri ɗaya, sai marigayi hedimastanmu ya faɗo mini a rai.

Ina sabon malami, ya taɓa goya ni a keke har ƙauyen Gehuru, rana na dukan ƙeya, rigarsa sharkaf da zufa, don neman izinin uban yaro guda kafin irin wannan tafiya.

Na ce, "Baba, ai mun aika takarda."

Ya ce, "Ba a aron ɗan mutum da takarda. Sai ka dubi idon uba nai."

Ga ni ina tada babur. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba, Ya sa in iske baban Hassi a gida.